Minti Biyu Da Na Ƙi Sauke Ƙaho

Shekara arba'in da ɗaya ke nan rabona da Savanna-la-Mar. Na je binne mahaifiyata a watan Mayu na 1983, na kwana tara, na dawo Coventry a Ingila, ban sake taka Jamaika ba. Da farko kuɗin jirgi ne babu, daga baya kunya ta hana, yanzu kuma huhun da zai kai ni ne babu. Ni ne Lascelles Dunkley, shekarata sittin da tara. Ina rubuta wannan a teburin kicin ɗina da ke unguwar Hillfields, a watan Oktoba na 2024, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni, ban sha komai ba sai shayi da ƙwayoyin asibiti. Likita ta ce da wuya in ga Kirsimeti. Ta faɗa da ladabi, idonta a kan takarda. Jiki ne ya gaza. Kai kam lafiyarsa lau, har yana tuna abin da na fi so ya manta.

Zuwa ga Corinne da Ainsley, 'ya'yana biyu, waɗanda shekara takwas ke nan ko sannu ba ta haɗa su ba. Wannan gabar taku a kan ƙarya take zaune, kuma ni na yi ƙaryar. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. In don tarkace ne, da lauya ya gama da su cikin layi huɗu.

Na ɗaya. Na gaya wa lauya kada ya buɗe wannan takarda sai ku biyun kuna zaune a ɗaki ɗaya. Ba ta waya ba, ba wai ɗaya ya zo da safe ɗaya da yamma ba. Na san halinku. Ainsley, kai za ka tsaya bakin ƙofa da makullin mota a hannu kamar ana jiranka a wani wuri. Zauna. Corinne, ke za ki naɗe hannu ki zuba wa silin ido. Ki kalli silin ɗin in kina so, amma ki buɗe kunne.

Na biyu. Gidan nan ku sayar ku raba daidai. Ba a bina ko sisi, ni ma ba na bin kowa. Kada wani ya ce yana son ajiye gidan don tunawa da ni. Bangon bayan yana tsattsafo, tukunyar ɗumama ɗaki ta girme ku duka, kuma ban yi farin ciki a cikinsa ba tun rasuwar mahaifiyarku.

Na uku. Ku binne ni a nan, kusa da mahaifiyarku Bernadette. Kada ku ɓata wahala wajen kai gawata Jamaika. Waɗanda suka san ni a can duk sun riga ni kwanciya. Ku yi mini zaman makoki na dare na tara yadda mutanenmu suke yi, a dafa naman akuya da kori, da shinkafa da wake, a ajiye kwalbar giyar ram ga tsofaffi. Amma kada a ɗora mini hular nan mai gajeren baki a kan akwati, kada a lulluɓe ni da ƙyallen nan mai ɗakin baƙi ɗakin fari. Na gaji da ganinsa. Yana jikin kofin shayi, yana jikin safa, kwanaki har a wuyan kare na gan shi. Mu makaɗan da muka fara sa shi muna nufin baƙar fata da farar fata su tsaya tare ne, kuma an fasa mana baki a kansa.

Yanzu ku saurara, don daga nan ne maganar take.

Kun tashi kuna jin ana cewa ska kamar sunan sabulu. Kiɗanmu ne na gida. Mahaifina ya shigo ƙasar nan da faya-fayansa naɗe cikin riguna, ya yi shekara ashirin yana ɗaura ƙofar mota a masana'anta, ran Lahadi ya kunna su ya rufe ido. Kafin in girma kiɗan ya tsufa, a Jamaika ma an wuce shi. Sai ga 'ya'yan Turawan da muka yi makaranta tare, waɗanda aka rufe musu ƙofar masana'anta kamar yadda aka rufe mana, suka tono shi tare da mu, muka ƙara masa gudu da fushi. Kiɗa ne da ba ya sauka inda ƙafa take tsammani, tsakanin taku da taku yake faɗowa, dole jikinka ya yi tsalle ya tarye shi. Mu bakwai ne, baƙi uku farare huɗu, muka kira kanmu Swanswell Seven, sunan tafkin da muke zama a bakinsa muna cin soyayyen dankali don ba mu da aikin yi. Ni ke busa turombon, ƙahon nan mai zugewa. Gordon Tranter ke kan ganguna. E, Gordon ɗin, Corinne, surukinki, mahaifin mijinki Neil. Wanda Ainsley ya tashi yana jin ina kira mahaukacin da ya kashe mana ƙungiya.

Muna da al'ada biyu. Ta farko ta kowa ce a lokacin: a waƙar ƙarshe 'yan kallo sukan hau dandamali su yi rawa tare da mu, har ba ka gane wane ne makaɗi wane ne ya biya kuɗin shiga. Ta biyu doka ce, kuma Gordon ne ya kafa ta a cikin mota muna dawowa daga wani wasa da aka tashi baram-baram. Ya ce, "Ku ji nan, 'yan iska. Daga yau in wani ya ɗaga hannu irin na 'yan Nazi, ko aka kai wa wani duka, mu tsaya cak. Babu wai bari mu kai ƙarshen baiti. Ni ba zan yi wa mai dukan mutum kiɗa ba, ko ubana ne."

Dokar tana aiki, shi ne abin. In kiɗa ya mutu farat ɗaya, mai fitila ya kunna fitilun zaure, mutum ɗari huɗu suka juya suna neman dalili, matsoraci ba ya iya jure wannan kallo. Mawaƙinmu ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai mai jan takalmi, muna jiranka. Ka gama, ko mu kawo maka kujera?" Zaure ya fashe da dariya, a tura shi waje, mu ɗora daga inda muka tsaya. Sau goma sha wani abu muka yi haka, ba a taɓa kai kowa asibiti ba. Da yake a waƙar ƙarshe dandamali cike yake da mutane, sauran ba sa ganin komai, sai aka ɗora mini aikin ba da alama, don ni ke hawa kan akwatin lasifika in yi busata ni kaɗai, na fi kowa tsayi a zauren. In na ga abu, in cire ƙaho daga baki in ɗaga shi a gicciye bisa kaina. Shi ke nan aikin. Yaron goye ma zai iya.

Wata Asabar a watan Yuli na 1981 muka yi wasa a zauren ƙungiyar ma'aikata na wani gari kusa da nan. Wasan ƙarfe shida ne na matasan da ba su kai shan giya ba, rana na shigowa ta taga. A bayan zaure akwai wani mutum daga wani kamfanin faya-fayai na London, da kwat mai ruwan ƙasa, yana riƙe da lemo. Shekara biyu muna jiran irinsa. Waɗanda muka fara tare suna cikin talabijin, mu muna nan muna tura mota. Shekarata ashirin da shida, an sallame ni daga aiki, Corinne kina da shekara biyu, mahaifiyarku tana goge daɓen asibiti. Ba don ku tausaya mini na faɗi wannan ba. Na faɗa ne don lissafin ya cika.

Waƙar ƙarshe ta zo, mutane suka hau, na hau akwatina na fara busa. Ban kai ko'ina ba na hango su kusa da ginshiƙin hagu, su biyar masu aske kai ƙwal. Ku yi adalci, yawancin masu askin nan mutanenmu ne, su ke ɗaukar mana kaya. Waɗannan biyar ɗin baƙin fuska ne. Sun sa Jasbir a tsakiya, wani yaro ɗan addinin Sikh mai shekara goma sha shida, wanda ba ya fashin wasanmu shi da yayarsa, kuma duk Coventry babu wanda ya kai shi rashin iya rawa. Na ga sun fizge masa rawani. Na ga ya faɗi. Na ga takalma.

Na kalli mai kwat ɗin. Ya ajiye lemonsa, yana kaɗa kai, ni yake kallo. Sai na ce a raina, bari in kai ƙarshen wannan layin. Da na kai, na ce saura ɗaya.

Kusan daƙiƙa hamsin ina busa, ƙungiya na bina. Sannan Gordon, da yake gangunansa a kan tudu suke, ya hango abin ta tsakanin kawuna. Ya dube ni, ya ga inda idona yake. Ya jefar da sanduna ya diro cikin mutane. Da ganga ta mutu mai jitar bes ya tsaya, sauran suka bi, ba su san dalili ba. Mai fitila bai kunna ba, don alamata yake jira. Ni kuwa na ci gaba ni kaɗai, minti ɗaya da wani abu, kuma wallahi ban taɓa busa irin ta ranar ba. Mutum ɗari huɗu suka zuba mini ido, suka ba ginshiƙin hagu baya. Ƙahona ne ya riƙe musu fuska.

Jasbir ya rasa idon hagu. Gordon aka take masa hannu, yatsu uku ba su sake lanƙwasuwa ba, bai sake riƙe sanda ba. Mai kwat ya fice kafin motar asibiti ta iso. A hanyar gida mai jitar bes ya ce, "Las, kai ba ka gani ba ne?" Na ce, "Kun san ni, in ina busa idona a rufe yake." Suka yarda, don gaskiya nakan rufe. Da na tsaya nan da da sauƙi. Sai na ƙara da cewa da Gordon bai yi tsallen hauka ba da masu gadi sun raba, shi ya mai da ƙaramar hatsaniya yaƙi, shi ya kori mutumin London. Gordon yana kwance a asibiti, ba bakin da zai kare kansa. Kafin ya fito labarin ya zauna, ƙungiya ta watse, ni na koma tuƙin bas shekara talatin da ɗaya.

Bayan shekara guda na haɗu da Gordon a kasuwa gaban mai kifi. Na yi kamar ban gan shi ba, ya tare ni. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Las, ni ba zan faɗa ba. Bakinka ne ya busa, bakinka zai faɗa." Ya cika alkawari. Ko ɗansa bai gaya wa ba. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan fiye da komai, don da ya tona ni da na huta.

Na huɗu, kuma shi ne babba. Ainsley, ka nemi gafarar 'yar'uwarka. Corinne, ki karɓa, don shi ma zaluntarsa aka yi.

Corinne, da kika kawo mini Neil kika ce shi za ki aura, na ce ba zan zauna teburi ɗaya da Tranter ba, na ƙi zuwa bikinki. Kin ɗauka fushi ne. Tsoro ne. Ina tsoron in zauna kusa da hannun nan in ga yadda yake riƙe cokali. Mahaifiyarku ta tafi ita kaɗai, ta dawo ta ce mini, "Tsoho, ban san abin da kake ɓoyewa ba, amma ya fi ka girma." Ta mutu ban gaya mata ba.

Ainsley, ranar jana'izarta da Gordon ya zo da furanninsa, ka tare ƙofar coci ka ce, "Kai da ka kashe wa ubana rayuwa, me ka zo nema? Ka zo ka ga abin da ya rage ne?" Corinne ta kama hannun surukinta suka tafi, ba ta ga an sa mahaifiyarta a ƙasa ba. Ina tsaye taku uku daga gare ku. Kalma ɗaya ta ishe ni, na sunkuyar da kai. Kai ɗa ne da ya tsaya wa ubansa, ba zan zarge ka da wannan ba. Amma kalmomin da ka jefa masa nawa ne, ni na zuba maka su a kunne tun kana cin abinci da hannu biyu. Yanzu ka sani. Abin da za ka yi da sanin ya zama naka, ba nawa ba.

Makon jiya na tafi wurin Gordon a gidan kula da tsofaffin da Neil ya kai shi. Bas biyu na hau, na huta sau huɗu tsakanin tasha da ƙofa. Shekara arba'in da uku ina haɗa jawabin. Yana ganina ya washe baki ya ce, "Las! Ɗan iska, ka makara! Ina ƙahon? Ƙarfe nawa gwajin?" Na zauna na faɗa masa komai, daga ginshiƙi har cikin mota. Ya saurara yana murmushi. Da na gama ya dafa mini gwiwa ya ce, "Kada ka damu, mutumina, a waƙa ta biyu za ka gyara." Sannan ya tambayi ma'aikaciya ko ni ne mai kawo shayi. Ga abin da jinkiri ya saya mini. Mutumin da zai iya yafe mini ya manta laifin. Don haka ku za ku biya: duk wanda ya taɓa jin ƙaryar daga bakina, ku kai masa gaskiyar. Mai jitar bes yana raye a Nuneaton, matar mawaƙinmu tana Bedworth. Neil ne na farko. Corinne, ki karanta masa wannan da bakinki, kuma in ya ce ba zai zo jana'izata ba, kada ki matsa masa.

Na biyar. Maganar tef.

Mai kula da sauti ya naɗi wasan ranar. Wani ya kwafi kaset daga ciki ya ba wani, wani ya ba wani, har ya zaga duniya ba da sanina ba. A wannan kwafin ba a jin zaure, sai kayan kiɗa: ganga ta ɗauke, jita ta ɗauke, ƙaho ya rage shi kaɗai yana kuka. Mutane suka ɗauka tsarawa muka yi. Wasiƙu suna zuwa mini daga Osaka, daga Guadalajara, daga Bandung, yaran da ba a haifi iyayensu ba a 1981 suna ce mini maigida, suna tambaya yaya aka yi na yi tunanin tsayar da ganga a daidai wurin. Wani malamin jami'a ya rubuta wai shirun gangar alama ce ta mutuwar masana'antu. Alama! Gordon yana ƙasa ana taka masa yatsu. Ƙungiyoyin da suka fi mu komai sun bar wa duniya waƙoƙi masu cewa baƙi da fari su tsaya tare, kuma na ga amfaninsu da idona, na ga yaran da kiɗan nan ya raba da 'yan ƙiyayya. Ni abin da na bari shi ne minti biyun da na karya wannan magana, shi kuma aka fi so.

Na jure wasiƙun. Abin da ban jure ba shi ne na watan Yulin bana. Na je bikin kiɗa a filin shaƙatawa, na tsaya can baya da sandata. Wasu matasa suka hau, har da Orla, 'yar Corinne, jikata da ban taɓa riƙe ta tana jaririya ba, shekararta goma sha bakwai, da turombon na aro. Suna cikin waƙa mai ganga ya jefar da sanduna, da gangan, yana dariya. Mai jita ya tsaya. Ita ta hau kan akwatin lasifika ta busa busata, ba ta kuskure ko numfashi ɗaya ba. Aka yi ta tafi. Jikar Gordon, jikata, tana kwaikwayon abin da kakanta ɗaya ya yi wa ɗayan, tana alfahari. Na zauna a kan ciyawa, wata mata ta tambaye ni ko a kira motar asibiti.

Ainsley, na san kana magana da wani ƙaramin kamfani a Melbourne da yake son fitar da wasan a faifai, kuma na san sun ce za su share hayaniya. Tef na asali, babban naɗin da na ba ka ajiya, layi biyu gare shi. Na biyun daga makirfon da aka rataya a tsakiyar zaure ne. Ba ka taɓa ji ba, don ba ka da injin da zai juya shi. A wannan layin ana jin yayar Jasbir tana kiran sunansa tun daga farkon busata har ƙarshe. Ita ce hayaniyar da suke son sharewa. Ga umarnina. Ba za a fitar da shi ba sai da layin biyu tare, yadda zaure ya ji shi. A rubuta abin da ya faru a bayan faifan, da sunana a matsayin wanda ya gani ya ƙi tsayawa. Sunan Gordon ya zo farko. In kamfanin ya ce haka ba zai sayu ba, ka yi musu godiya ka kashe waya. In masu man shafa burodin nan da ke son sa busar a tallarsu suka sake bugowa, ko godiyar kada ka yi.

Kuma duk wannan sai da yardar Jasbir.

Na shida. Jasbir Sandhu yana da shagon yanka makulli da kayan gyaran gida a titin Foleshill. Shekaru ina shiga in ba shi makullin ƙofata ya yanka mini wani, in biya, in fito ban ce komai ba. A watan jiya na faɗa. Bai ko kashe injin ba. Ya ce, "Na sani, Mista Dunkley. Ina ƙasa ina kallonka, kai ma kana kallona. Me ka ɗauka, na zaci ƙofa ashirin gare ka?" Na tambaye shi ko zai yafe. Ya ce shi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "A kawo tef ɗin in ji ni da yayata. Ita ce ta daina zuwa ko bikin aure in da kiɗa. Abin da ta ce shi ne."

Ba ni da ƙarfin ɗaukar inji, kuma ba na jin zan kai. Tef yana hannun Ainsley. Injin da zai juya shi na Gordon ne, yana garejin Neil da Corinne. Ban tsara haka ba, amma da na lura na yi dariya har tari ya kama ni. Ku ɗauka tare, ku kai musu tare, ku zauna ku ji tare, kada wani ya tashi kafin ya ƙare. In suka ce a fitar, duk abin da ya shigo ya tafi inda suka nuna. In suka ce a'a, ku bar musu tef ɗin a kan teburi ku fito, su yi abin da suka ga dama da shi. Nasu ne tun asali.

Na bakwai. Turombon ɗina na Orla ne, amma sai bayan ta ji layi na biyu. Akwai lotsawa a bakinsa, kada ta gyara, sautin ya saba da ita. Ku gaya mata ban hana ta ska ba, ta busa har kumatunta su yi ciwo, kiɗan bai yi laifin komai ba. Ba zan ma hana ta busar nan ba, ba ni da iko, ta riga ta shiga duniya. Abu ɗaya nake roƙo: in ta hau akwati ta buɗe ido, kuma ta koya wa abokanta dokar kakanta Gordon. Ita ce abin gadon da ya kamata ya kai Osaka, ba busata ba.

Na takwas. Faya-fayan mahaifina na Ainsley ne, shi ya iya riƙe su ta gefe. Zoben mahaifiyarku da littafin girkinta na Corinne. Kwat ɗina ta wasa ku kai shagon sadaka, kada ku ba gidan tarihi su sa ta a gilashi. Wani yaro marar aiki ya saye ta da arha kamar yadda na saye ta.

Ban zama uban da ya kamata ba, amma ban taɓa kwana ban yi tunaninku ba. Corinne, Allah ya yi miki albarka, ke da kika zaɓi mutumin kirki duk da ubanki. Ainsley, Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka wanda za ka tsaya wa da ya fi ni cancanta. Allah ya albarkaci Neil da Orla, ya sauƙaƙa wa Gordon sauran kwanakinsa. Ku riƙe juna. Ban ce ku so juna nan da Lahadi ba, na san jinin da ke jikinku. Ku ci abinci tare sau ɗaya a wata ko da ba mai magana. In fushi kuke nema ku yi da ni, na cancanta, kuma ba zai dame ni a inda zan je ba.

Sanyin bara rufin rumfar baya ya yi yoyo, ban lura ba sai da bazara. Na yi kwana uku ina fitar da kaya ina shanyawa a kan tukunyar ɗumama ɗaki. Ga abin da na iya tsira da shi daga shekarun nan duka. Cikin naɗin tef ashirin da shida na gwaje-gwajenmu, bakwai. Cikin hotuna akwati guda, goma sha ɗaya, uku ne kawai muke mu bakwai cif. Takardar sanarwar wasa biyu. Wasiƙun mahaifiyata huɗu, ɗaya ba ta karantuwa. Littafin da muke rubuta jerin waƙoƙi, rabi. Sai 'ya'ya biyu, in kun yarda a ƙirga ku tare.

Mahaifinku,
Lascelles Dunkley